Wa ke kwashe min reso da tsakar dare? Allo ya cika da ja, ni ko ban ga ɓarawon ba

Habu Mai Wifi, Litinin 08:14
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ku yi haƙuri da tsawon saƙo. Ina sayar da tiken wifi a Zango, eriya uku gare ni, ɗaya tana kallon hanyar Kasuwar Dole. Sati uku ke nan, in dare ya raba, masu tike ba su kai mutum biyar ba, amma MikroTik ɗina, na'urar da ke raba wa mutane intanet, yana nuna bayanai suna ta fita waje ba ƙaƙƙautawa. Ɗaliban da ke jiran dare su sauke darasi sun fara ƙorafi. Ran Asabar na kama zirga-zirgar reson da tcpdump, manhajar naɗe abin da ke wucewa, daga 23:00 zuwa 06:00, fayil ya kai 19GB. Na buɗe shi da Wireshark, manhajar duba irin wannan fayil, portabul ta sandare. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou ya saka Security Onion, tsarin sa ido kan tsaron reso, a mashin ɗinsa, muka shigar da fayilin da so-import-pcap, ya ce ya gama. Muka buɗe allon sa ido, fari fat. Ko gargaɗi ɗaya babu. Me muka ɓata?

Rabi'u Ɗan Birni, 08:31
Wa alaikumus salam. Abin da kuka ɓata shi ne kun bar Wireshark kun tafi neman hoto mai launi. Fayil mai 19GB ba a haɗiye shi lokaci ɗaya. Ka yanka shi da editcap, ko tun wurin kamawa ka sa wa tcpdump -C 500 ya riƙa yanke maka gunduwa-gunduwa, kowace 500MB. Wireshark tun 1998 yake, lokacin sunansa Ethereal, kuma har yau babu abin da ke wucewa ta waya da zai ɓoye masa.

Nana Aisha, 08:47
Habu, kafin ka yanka komai, dubi saman allon ta hannun dama, wurin zaɓen lokaci. Zan iya rantsuwa yana kan awa 24 da suka wuce. Security Onion yana ajiye kowane abu da lokacin da ya faru a kan waya, wato daren Asabar, kai kuma kana tambayarsa labarin jiya zuwa yau. Lokacin da so-import-pcap ya gama, ya rubuto muku wani dogon adireshi a ƙasa, shi ne ke buɗe allon a kan ranakun da ke cikin fayilin. Kuma ka kula da agogo. In allon yana kan UTC, mu nan Nijar muna gaba da awa ɗaya, sha biyun darenka zai fito 23:00.

Habu Mai Wifi, 09:20
Innalillahi. Yaya Nana, haka ne wallahi. Mun gyara lokaci, yanzu kuma abin ya zama ambaliya. Gargaɗi 4,312. Duk allon ja da ruwan ɗorawa. Ashe gidana ya daɗe da cin wuta?

Tanimu Kabu-kabu, 09:22
Kai ɗazu kana kukan babu, yanzu kana kukan yawa. Ɗan Adam!

Nana Aisha, 09:41
Kwantar da hankalinka. Gargaɗin nan Suricata ne ke fitar da su, mai gadin da ke cikin Security Onion, yana gwada abin da ya wuce da dokokin Emerging Threats (ET), wato jerin alamun abin zargi da aka rubuta masa. Ka tara su bisa sunan doka, za ka ga dubu huɗun nan ba su wuce iri ashirin ko talatin ba. Waɗanda suka fara da ET INFO yawancinsu sanarwa ce kawai: wani ya tambayi suna mai baƙon ƙarshe, wata waya ta duba adireshinta na waje, da irin wannan. In ka ga ET P2P, wani yaro ne ke sauke fim da BitTorrent. Faɗa min abu ɗaya: a jerin adireshin da suka fara magana, guda nawa kake gani?

Habu Mai Wifi, 09:58
Kusan duka adireshi ɗaya ne, mai farawa da 100.

Rabi'u Ɗan Birni, 10:03
To ka ga ni ma da na zage ka kan Wireshark, ko shi ba zai cece ka a nan ba. A ƙofar waje ka kama, tsakanin MikroTik da na'urar kamfanin da ke ba ka intanet. A wurin nan NAT, mai haɗa wayoyin kowa su fita da adireshi guda, ya riga ya sanya wa kowa riga ɗaya. Kamar ka tsaya a ƙofar gari kana ƙirga buhunan da ke fita cikin mota ɗaya ne, ba za ka san daga gidan wa kowane buhu ya fito ba. Sake kamawa ta ciki, inda kowace waya ke da nata adireshin.

Nana Aisha, 10:15
Daidai. Kuma akwai ƙari. Adireshin 100.64 zuwa 100.127 na CGNAT ne, wato NAT ɗin kamfanin intanet, shi ke rabawa. Suricata yana da abin da ake kira HOME_NET, jerin adireshin da yake ɗauka na gida, kuma a yadda ya zo masu farawa da 10, 172.16 da 192.168 ne a ciki. Dokoki da yawa an rubuta su ne a kan abin da ya fita daga gida zuwa waje. Tunda bai san 100 ɗinka gida ba ne, wasu dokokin da suka fi muhimmanci ma ba su motsa ba. Wato wannan jan da ya tsorata ka, ba shi ne cikakken labari ba.

Mushe Lawali, 11:02
Sannunku da aiki yarana. Habu, ɗana, kafin ka sake kama komai ina da magana, kuma ba ta fasaha ba ce. Mutanen da ke sayen tikenka na dala ashirin, sun san kana naɗe abin da suke yi? In ka kama ta ciki, cikin rajistocin da Security Onion ke rubutawa, dns.log zai nuna maka duk sunan shafin da kowace waya ta nema, ssl.log kuma zai nuna sunan da ta kira ko da abin da ke ciki a rufe yake. Maƙwabtanka ne, ka san fuskokinsu. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019. Ko babu doka, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane.

Tanimu Kabu-kabu, 11:06
Ni dai Habu, in ka ga abin da Alhajin layinmu yake kallo ƙarfe biyun dare, turo min ta gefe 😂

Mushe Lawali, 11:08
Ka ji ko? Tun ba a je ko'ina ba.

Tanimu Kabu-kabu, 11:09
Wasa nake, Mushe. Allah ya huci zuciyarka.

Rabi'u Ɗan Birni, 11:30
Mushe, da girmanka, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Reson nasa ne, kuɗinsa ne ke ƙonewa. Mai gida bai da ikon leƙa rumbunsa ya ga inda ɓera ke shiga? In mun ce kada a kama, to sai a rufe sana'ar gyaran reso.

Mushe Lawali, 11:52
Ban ce kada ya leƙa rumbu ba, Rabi'u. Cewa na yi kada ya leƙa ɗakin baƙi da sunan neman ɓera. Tambayarsa ita ce wa ke fitar da bayanai da yawa. Amsar tana cikin conn.log: wa ya kira wa, ta wace ƙofa, tsawon wane lokaci, nawa ya aika, nawa ya karɓa. Ba sai ya buɗe tarihin kowa ba. In ya gano na'ura ɗaya, sai ya duba sunayen da ita kaɗai ta nema. A nan ma nake ganin allon ya fi Wireshark ɗinka tsare mutunci, domin shi jimla yake nunawa, Wireshark kuwa yana zube maka komai a gaba ko ba ka nema ba. Sannan ya rubuta a shafin shiga cewa ana duba reso don tsaro, ya goge fayilin da zarar ya gama.

Hajiya Mariama Butiki, 12:10
Ni ban fahimci rabin abin da kuke faɗa ba, amma wifin Habu nake amfani da shi wajen karɓar kuɗi ta waya. Habu, kana ganin lambar sirrina?

Nana Aisha, 12:24
Hajiya, a'a. Manhajojin kuɗi suna rufe abin da suke aikawa da TLS, abin da mai reso zai gani shi ne wayarki ta yi magana da wuri kaza, da yawan abin da ya wuce. Amma Habu, kai ga naka: in shafin shigar wifinka http ne ba https ba, lambobin tike suna wucewa a fili, kuma za su shiga cikin fayilin da za ka kama ta ciki. Kada ka kuskura ka turo shi nan zaure ko ka ɗora shi a wani shafin bincike na intanet. Hoton allo kawai, ka rufe adireshin mutane.

Habu Mai Wifi, 12:40
Na ji, Mushe, na gode da tunatarwa. Gaskiya ban yi wannan tunanin ba. Yau da dare zan sake kamawa ta ciki, 00:00 zuwa 04:00 kawai. Ku taya ni addu'a kada kuran ya tafi, batirina ba ya kai awa uku cikin zafin nan.

Habu Mai Wifi, Talata 07:55
Barkanmu da kwana. An samu, 11GB. Yanzu adireshi 23 nake gani. Gargaɗi 2,900 da ɗoriya, kuma kusan 2,000 daga waya ɗaya suke, 10.5.50.61, duk ET P2P. Na kama shi! Yanzu zan toshe shi.

Nana Aisha, 08:09
Tsaya tukuna. Ka kama mai surutu, ba mu sani ba ko shi ne ɓarawon. Bar shafin gargaɗi, je allon haɗe-haɗe, wanda ke karanta conn.log na Zeek, manhajar da ke rubuta rajistocin nan. Tara bisa adireshin da ya fara kira, ka jera su bisa yawan abin da suka aika. A Zeek sunan wannan orig_bytes, abin da aka karɓa kuma resp_bytes. Kawo min na farko uku.

Habu Mai Wifi, 08:36
Ikon Allah. Mai BitTorrent ɗin shi ne na biyu, ya aika 310MB kacal, ya karɓi 1.2GB. Na ɗaya 10.5.50.8 ne: ya aika 4.1GB, ya karɓi 4.3GB. Shi kuma gargaɗinsa 14 ne rak, duk masu ƙaramin matsayi, wai ya duba adireshinsa na waje. Jiya ma na gan su na wuce.

Rabi'u Ɗan Birni, 08:44
Aika 4.1, karɓa 4.3. Wannan ba mai kallo ba ne. Mai kallon bidiyo yana karɓar tudu ya aika tsinke. Wanda abin da ya shiga da abin da ya fita suka yi kunnen doki, ɗan aike ne, yana karɓo wa wani kaya yana miƙa masa.

Nana Aisha, 08:58
Abin da nake zato ke nan. Yanzu tace allon a kan .8 shi kaɗai, kamar yadda Mushe ya ce. Duba abu uku. Akwai haɗi ɗaya ko biyu masu tsawon awanni zuwa adireshi guda, inda yawancin 4.1 ɗin ya tafi? Sunaye nawa daban-daban ne a ssl.log? Sannan dhcp.log, wane suna na'urar ta ba da kanta?

Habu Mai Wifi, 09:33
Akwai haɗi biyu, ɗaya awa 3 da minti 52, wato kusan duk tsawon kamawar bai yanke ba. Sunaye kuwa sun fi 1,100. Shagunan takalma, shafukan sayen tikitin jirgi, tallace-tallace, wasu da yaren da ban ma san na wace ƙasa ba ne. A dhcp.log babu komai a kansa, sai na tuna .8 ni na ba shi adireshi na dindindin da hannuna. Akwatin Android ne na gidan kallon ƙwallo da ke bayan shagona. Mai gidan yana biyana jaka goma a wata. Ƙarfe sha ɗaya yake rufewa, ya kashe talabijin, amma akwatin yana nan a kunne.

Tanimu Kabu-kabu, 09:35
Ashe akwatin Baba ne ke yawon duniya da dare alhali mai shi yana barci. Ya je sayen takalma bai kawo mana tsaraba ba.

Nana Aisha, 09:57
Ba zan rantse da sunan cutar ba sai an bincika akwatin kansa, amma alamun sun yi kama da abin da aka sani. A 2023 kamfanin Human Security ya fallasa abin da ya kira BADBOX: akwatunan Android masu araha da ke zuwa da muguwar manhaja tun daga cikin kwali. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan BADBOX 2.0. Aikinsu biyu ne galibi. Suna danna talla a ɓoye don wani ya ci kuɗi, kuma suna mayar da reson mai gida gada, a sayar wa wasu damar fita intanet da adireshinka. Wancan dogon haɗin shi ne igiyar da ake jan akwatin da ita. Duba adireshin waje da yake yi lokaci-lokaci kuwa, don ya sanar da masu shi ta inda yake fita ne. Ka ga gargaɗin nan 14 da ka raina sun fi 2,000 ɗin can nauyi.

Rabi'u Ɗan Birni, 10:12
To ni a nan nake da ja da masu allo. Allon ya ba wa mai BitTorrent ja, ya ba wa ainihin ɓarawo launin da ba wanda zai kalla. In ba don Nana tana nan ba, da Habu ya toshe yaron mutane ya kwanta yana murna. Mene ne amfanin mai gadin da ke ihu a kan akuya ya yi shiru a kan kura?

Nana Aisha, 10:31
Rabi'u, da Wireshark kaɗai fa? Fakiti miliyoyi, kusan duka a rufe da TLS. Na san za ka ce a shiga Statistics a duba Conversations, kuma gaskiya zai nuna .8, amma sai ka yi hakan a gunduwa 22 ɗaya bayan ɗaya kana haɗa lissafi a takarda. Suricata dokar da aka rubuta masa ya sani, abin da bai da doka ba ya gani. Zeek kuwa ba ya yanke hukunci, rajista yake rubutawa, shi ya sa tun da Vern Paxson ya fara shi a shekarun 1990 da sunan Bro har aka canza masa suna a 2018 masu bincike ba su rabu da shi ba. Laifin Habu ɗaya ne, ya tsaya a shafin farko.

Rabi'u Ɗan Birni, 10:40
Kuma wa ya ce akwatin talabijin bai kamata ya aika 4GB ba? Allon ne ya faɗa? Ni na faɗa, Habu kuma ya san .8 akwati ne don shi ya ɗaura shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Nana Aisha, 10:43
Wannan kam ban musa ba. Da sabar ajiyar hotuna ce ke aika 4GB da dare, ba wanda zai ɗaga gira.

Mushe Lawali, 11:15
Ku biyun kuna faɗa a kan abin da kuka yarda da shi. Habu, ka lura ba ka buɗe tarihin mutum ko ɗaya ba ka samu amsarka. Sauran adireshi 22 ɗin ka bar su yadda suke. Wani abin da ya fi damuna da 4GB: duk abin da baƙin nan suka aikata ta gadar, da adireshin da kake fita da shi suka aikata. Ba ka lura shafuka suna yawan tambayar abokan cinikinka su tabbatar su mutane ne ba?

Hajiya Mariama Butiki, 11:21
Wallahi kullum sai an ce in zaɓi hoton mota ko fitilar hanya! Na ɗauka wayata ce ta tsufa.

Rabi'u Ɗan Birni, 11:26
Zai iya zama shi, Hajiya, amma kada mu ɗora masa duka. A CGNAT mutane da yawa ke raba adireshin waje ɗaya, wataƙila akwatin wani ne a wani gari.

Habu Mai Wifi, 12:02
To yanzu mafita? In mayar da akwatin yadda ya fito daga kamfani?

Nana Aisha, 12:18
In irin wancan ne, gogewa ba ta fitar da shi, domin a cikin ainihin manhajar na'urar yake zaune, yadda ya fito daga kamfanin ke nan. Shiga Play Store a akwatin, cikin saituna, ka ga ko an rubuta na'urar tana da shaidar Play Protect. In babu, shawarata a canza shi. Kafin nan ka ware shi a VLAN nasa, wato keɓaɓɓen ɓangaren reso, don kada ya ga wayoyin mutane, ka toshe adireshin dogon haɗin, ko da yake irinsu sukan nemi wani in an toshe ɗaya.

Rabi'u Ɗan Birni, 12:25
Ko a cire filogi ƙarfe sha ɗaya. Kyauta ne.

Nana Aisha, 12:27
Da rana ma yana yi, Rabi'u. Hayaniyar masu tike ce ta rufe shi.

Habu Mai Wifi, 16:48
Na je na samu Baba mai gidan kallo bayan la'asar. Na nuna masa hoton allon, ya kalla ya kalla ya ce shi dai ya san akwatinsa ƙwallo yake nunawa, wata huɗu da sayensa jaka goma sha takwas, kuma Asabar akwai babban wasa, kada in taɓa masa komai. Da ƙyar ya yarda in rage masa hanyar fita. Na ware shi, na sa masa layi a MikroTik, aikawa 512k, karɓa 8M. Na toshe adireshin nan biyu. Ya ce in hoto ya tsaya ran Asabar ni zan fito in yi wa matasan Zango bayani da bakina.

Tanimu Kabu-kabu, 16:51
Ka tanadi kabu-kabu a bakin ƙofa, zan yi maka ragi.

Mushe Lawali, 17:10
Fayilolin fa?

Habu Mai Wifi, 17:14
Na Asabar na goge, a wurina da mashin ɗin ƙanena, har abin da ya shiga allon. Na jiya zan riƙe zuwa gobe don in gwada da na daren yau, wanda zan kama na .8 shi kaɗai. Yaya Nana, a tcpdump host 10.5.50.8 zan rubuta a ƙarshe ko?

Nana Aisha, 17:20
Adireshinsa ya canza tunda ka kai shi sabon VLAN, duba sabon ka sa. Kuma ka fara kamawa kafin ka sake kunna akwatin, ina so mu ga sunan da yake fara nema a dns.log idan ya tashi.